Wuyan Inna

Ni ce 'yar farin Inna, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A miƙo min ludayi." In muna da yawa a tsakar gida ta ce "waccan". Haka ake yi a ƙauyenmu, can gefen Gwashi a ƙasar Bukkuyum: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, shi ma ba ya tsare ta da tambaya. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma da yake ba ni da damar tambaya, sai na iya kallo. Duk abin da na sani game da Inna, da gefen ido na san shi.

Da gefen ido na san tana da maƙoƙo. Ba irin ƙaton nan da ke rataye kamar ƙwarya ba. Nata bai fi ƙwan zabo biyu ba, ya ɗan karkata dama, in ta haɗiyi ruwa ya hau ya sauka. A ƙauyenmu ba a lissafa shi cikin cututtuka. Mata da yawa suna da shi, ana cewa ruwan rijiya ne, wasu su ce gado. Amma Inna ba ta son a gani. Tana da wani tsohon mayafi ruwan ƙasa da take naɗawa sau biyu a wuya ta soke bakinsa ta ƙarƙashin haɓa, ko daka take, ko tana gaban murhu da zafin bazara. Ƙannena maza sun girma ba su san kalar fatar wuyanta ba.

An kai ni aure Anka. Shekara uku bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato na samu cikin fari, da ya tsufa mijina ya mayar da ni gida goyon ciki. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Ina shiga gida na ga Inna ta canza. Ta rame har ƙasusuwan kafaɗarta sun fito, alhali tuwon da take ci ya fi na Baba. Idanunta sun ɗan turo waje suna ƙyalli, kamar kullum yanzu aka ba ta tsoro. In ta miƙo ƙwarya ruwan ciki yana rawa. Ana ruwan sama kowa yana neman zane ya rufa, ita tana bakin ƙofa tana fifita.

Na kuma ga wani abu. A haɓar mayafin akwai ƙulli. Kullum bayan sallar asuba sai ta juya wa ɗaki baya, ta kwance ƙullin, ta jefa wasu 'yan ƙananan abubuwa farare a baki, ta kora da ruwa. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a gidanmu tun da mijinta ya rasu, ita ta gaya min ba tare da na tambaya ba.

"Uwarki ta zama 'yar asibiti. Duk wata sai ta bi motar kasuwa ta tahi Gummi a ba ta ƙwaya. Wai zuciyarta ka gudu. Na ce mata ta ɗaure ta da igiya awa akuya."

"Baba ya sani?"

"Ya san tana zuwa sayen daddawa. Namiji mi ya sani?"

Na haihu ranar wata Talata da hantsi, mace. Daga ranar Inna ta ɗauki wankan jego a kanta. Kwana arba'in, safe da la'asar, sai an tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen dogon yaro a dinga fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi tururi. Wanda bai yi ba ba zai san aikin da ke ciki ba. Itacen damina jiƙaƙƙe ne, sai an faskara an jera a kusa da wuta. Ruwa daga rijiyar bayan gari, tulu shida kowane wanka. Gwaggo gwiwa ta hana ta, ƙannena suna gona. An ce wa Inna a ɗauki mai taya ta, ta ce ɗiyar wasu ba za ta ga tsiraicin tata ba, kuma ba za a ce a garin nan ta kasa wankan fari ba.

A cikin makewayin nan ne kawai Inna take taɓa ni. Ba ta magana da ni, da jaririyar take yi.

"Ke mummuna, kin zo ki ƙwace min tsohona ko? Gaya wa uwarki ta daina noƙewa, ruwan bai kai zafin da aka yi min nata ba."

Ina jin hannunta a bayana yana kakkarwa, zafinsa ya kusa na ganyen. In ta sunkuya kusa da kunnena ina jin numfashinta gajere-gajere.

Wajen kwana goma sha biyu na ga ƙullin mayafin ya ƙanƙance. Kwana biyu bayan haka ta kwance shi da asuba, ta duba, ta mayar ta ƙulle ba ta sha komai ba. Ranar kasuwa ta zo, na ji motar tana kiran fasinja a bakin hanya, Inna tana hura wuta. Gwaggo ta ce, "Ba ki tahiya?" Inna ta ce, "In na tahi wa ka yin na la'asar? Hanya ta lalace, sai a kwana. Bayan arba'in." Ina zaune a kan gado ina shayarwa, na ji komai. Maganar ta zo min har baki, in ce Inna ki je, wankan yini ɗaya ba zai kashe ni ba. Amma ban taɓa gaya wa Inna abin da za ta yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Kuma in faɗi gaskiya, ina tsoron a tsallake min wanka. An cika min kunne da matan da sanyi ya shige su suka kumbura.

Ranar kwana ashirin da bakwai, da la'asar, ta sauke tukunyar ta ce kanta. Ba ta taɓa cewa wani wuri yana mata ciwo ba. Ta dafe ƙeya ta ce, "Wani abu ya tsinke." Ta yi amai a gefen murhu, ta zauna a ƙasa a hankali kamar mai neman abin da ya faɗi, sannan ta kife ta gefen dama. Da na ɗago ta bakinta ya karkace, hannun dama ya saki kamar tsumma. Idonta a buɗe yake, tana kallona kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

Maƙwabta suka ce iska ce ta buge ta, makewayi da la'asar ba wurin wasa ba ne. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, bai wuce maƙogwaronta ba. Da safe Baba ya samo a-kori-kura. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, amma babu wata mace da za ta yi jinya, sai na goya jaririyar na hau. Kafin a ɗauko Inna na gyara mata mayafin, na naɗa sau biyu na soke a ƙarƙashin haɓa, yadda take yi. Maza huɗu ne za su ɗauke ta.

Mun isa asibiti a Gummi rana ta take. Likitan saurayi ne, siriri, da alamar bai huta ba. Ya ɗaga fatar idonta, ya matsa tafin ƙafarta, ya ɗaura mata abin awon jini a dantse. Da zai saurari ƙirjinta na matso na tattare mayafin sama na riƙe shi gam a wuyanta, don kada ya zame a gaban namiji. Ya dube mu ni da Baba.

"Tana da wani ciwo da kuka sani? Tana shan wani magani?"

Baba ya ce, "Lafiyarta lau, likita. Shekaranjiya ma ita ta yi faskare."

Likita ya juyo gare ni. Ƙullin yana cikin tafin hannuna a lokacin, ina jin taurinsa. Na yi tunanin kai ne ya samu matsala, me ya haɗa kai da wuya? Na yi tunanin Baba yana tsaye, abin da ta ɓoye masa shekara guda ni zan tona? Na sunkuyar da kai na ce, "Babu."

Ya ce a ganinsa jijiya ce ta fashe a cikin kai jini ya zuba, hawan jini ne ya jawo. Na'urar da za ta nuna sai Sakkwato, kuma Inna ba za ta jure hanyar ba yanzu. Za a sauko da jinin a hankali a jira. Wasu suna farfaɗowa, ya ce, har su koma taka ƙafa.

Aka kwantar da ita a ɗakin mata, gado na biyu daga taga. Ranar farko har na samu ƙwarin zuciya. Tana bin mutane da ido, in jaririyar ta yi kuka sai ta juyo. Magana ce babu, sai wani sauti daga maƙoshi. Hannun hagu kuma yana aiki. Shi ne ya dinga tashi a hankali, ya hau ƙirji, ya kama mayafin a daidai wuya ya ja.

Na gane abin da take nufi, ko in ce na ɗauka na gane. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya, maza suna leƙowa ta taga. Na ce, "Yana nan, Inna, a rufe yake." Na ƙara soke shi. Bayan ɗan lokaci hannun ya sake tashi ya ja, mayafin ya sassauta, na sake gyarawa. Yini guda muna haka. Har na ari fil a wurin matar gadon kusa na maƙale shi, don ta huta. Da ta ja ta ji bai motsa ba, sai ta kalle ni, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya shiga kunnenta.

Rana ta biyu zazzaɓi ya rufe ta. Ba irin wanda na sani ba, in ka matso kusa da gadon kamar ka matso murhu. Gumi ya jiƙa katifa. Jijiyar gefen goshinta tana bugawa da sauri har ba na iya bin ta da ido. Aka yi mata allurar zazzaɓin sauro, damina ce, kowa shi yake yi. Bai sauka ba. Ta fara fizge-fizge, ta daina bin kowa da ido.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace daga wajen Jos, kowa Sista yake ce mata. Hausarta daban da tamu, tana yawan tsokanata. "Mai jego, ke da ya kamata a yi wa wanka, ke ce kike wa wani? Kin ci abinci, ko sai na haɗa ku gado ɗaya?" Da safiyar rana ta uku ta zo da kwano da tsumma ta ce za a goge Mama da ruwan sanyi, a cire mata kayan nan duka.

Na ce, "Ban da mayafin."

"Mutum yana ƙonewa kin naɗe shi kamar jariri? Ja labule, ba mai gani."

Ta zare fil ɗin da kanta. Ta warware naɗin farko, ta warware na biyu, sai hannunta ya tsaya. Ta taɓa kumburin da yatsu biyu, ta ɗora tafinta a kai. Sannan ta ji taurin ƙullin, ta kwance shi da haƙori. Katin asibiti ne a ninke har ya yi laushi, da 'yar leda ta ƙwaya babu komai ciki sai farin gari a kusurwa. Ta karanta katin. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce, "Ai na san matar nan. Ita ce mai zuwa da rufaffen wuya, sai an fitar da kowa take buɗewa. Yaushe maganin ya ƙare?"

"Kwana goma sha biyar, ko sha shida."

"Kin sani?"

Na ce na sani.

Ta fita da sauri ta dawo da likita. Ya duba wuyan, ya duba katin, ya ba da umarni da Turanci, aka shiga kai da kawo. Aka zura wa Inna siririyar roba ta hanci, aka daka ƙwayoyi aka narka aka tura. Aka jiƙa zannuwa aka lulluɓe ta. Bayan an natsa ya kira ni bakin baranda. Jaririyar tana bayana tana barci.

Ya ce abin da ke wuyan mutum ba nama ba ne kawai. Kowa yana da shi, ƙarami, aikinsa kamar mai hura wutar jiki, shi ke saita gudun zuciya da zafin jini. Na Inna ya daɗe yana hurawa fiye da kima, ƙwayoyin nan su ke rage shi. Da ta daina sha wutar ta dawo, da jini ya zuba a kai jiki ya firgita, sai ta tashi gaba ɗaya. Ya ce wanda jini ya zuba masa a kai yana buƙatar sauran jikinsa ya zauna lafiya kafin kan ya warke. In abin wuyan nan ya rikice, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, farfaɗowa takan yi wuya.

Na ce, "Da na faɗa tun ranar farko fa?"

Ya ce, "Da mun fara wannan tun ranar farko. Ban ce miki da ta tashi ba. Jinin da ya zuba ba kaɗan ba ne. Ban sani ba, wallahi."

Zazzaɓin ya ɗan sauka a rana ta huɗu, amma Inna ba ta sake buɗe ido ba. Hannun hagun yana kwance a gefenta, bai ƙara tashi ba. Wuyanta a buɗe, kowa ya shigo yana gani, ni kuma na kasa kallo na kasa rufewa. Ta cika a rana ta biyar, ana kiran azahar.

Gwaggo ce ta ƙarasa min wankan, tana jan gwiwa, ruwan ko ɗumi bai cika yi ba. Babu sanyin da ya shige ni. Baba har ya rasu bai san abin da likita ya ce min a baranda ba, shi dai ya san kwana ya ƙare. Na san haka ne, ina kuma faɗa wa kaina. Amma na koma Anka da mayafin a ƙasan akwati, da abin da ya fi mayafin nauyi.

Hannun ne ba ya barina. Ba mafarki nake nufi ba, da rana tsaka yake zuwa. Ina tankaɗe, ko ina ɗaura wa yarinyar ɗankwali, sai in gan shi yana tashi daga katifa, yatsun suna lalube, su kama, su ja. Shekara biyu ina ce wa kaina rufewa take so, matar da ko 'ya'yanta ba su ga wuyanta ba. Sai wata rana ina wanki na tuna ba ko'ina take kamawa ba. Kullum gefen da ƙullin yake take kamawa. Na zauna a bakin bahon har kumfar ta mutu.

Na zama mai taɓa wuyan mutane. In yarinyata tana shan ruwa sai in tsaya ina kallon maƙogwaronta. In ta yi zazzaɓi ba goshi nake fara taɓawa ba. Na daina sayen gishirin awo, sai na leda wanda ma'aikatan lafiya suka ce an sa masa maganin maƙoƙo, mijina yana cewa miyar gidan nan ta zama ta asibiti.

Bayan haihuwata ta uku, ban kai shekara talatin ba, na ji sarƙar wuyana ta matse. Na tsaya gaban madubin sif na haɗiyi yawu, wani abu kamar goro ya hau ya sauka. Ban gaya wa kowa ba. Wata biyu na yi a haka. Ranar da na farka daga wannan shirun, za ni gidan suna ne, na ɗauki gyale na naɗa, na ƙara naɗawa, na kai hannu ƙarƙashin haɓa zan soke. Hannun ya san hanyar da kansa, ban koya masa ba. Na tsaya da shi a wurin.

Ban je sunan ba. Na jira mijina ya dawo daga kasuwa, na kawo masa ruwa, na tsuguna na cire gyalen.

"Malam, dubi nan."

"Mi zan duba? Wuya ne, na san shi."

"Taɓa."

Ya taɓa, ya janye hannu. "To ai rabin matan garinku haka suke. Ƙiba ce ta fara miki daga sama."

"Gobe ka kai ni asibiti. Kuma ka ji, ko da wata rana na faɗi ba na magana, kafin ka faɗi sunana ka nuna musu wuyana. Kome nake sha ka faɗa, ko a gaban wa."

Ya ga ba wasa nake ba, ya ce to. Aka ɗebi jinina aka aika Sakkwato, bayan sati uku sakamako ya dawo. Nawa akasin na Inna ne, wutar ce ta yi ƙasa, shi ya sa nake jin sanyi da nauyin jiki. Aka ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Katina ba ya cikin ƙulli. Yana rataye a ƙusa a jikin ƙofar ɗaki, inda duk mai shigowa zai gani, har baƙi suna tambaya.

Wani abu ɗaya na yi wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana da hantsi, yara suna makaranta, na ciro mayafin Inna daga akwati. Har yanzu akwai ramin fil ɗin a jikinsa. Na naɗa shi sau biyu, na kwanta rigingine a kan gado, na saki hannun dama kamar ba nawa ba. Na ɗaga na hagu a hankali na kama gefen da ƙullin yake, na ja kamar mai son rufewa. Na mayar, na sake ja kamar mai son buɗewa. Na yi ya fi sau goma, ina lura da yatsuna, ina lura da gwiwar hannu. Da hannu ɗaya, a kwance, duk biyun iri ɗaya ne.

Na tashi na ninke shi na mayar ƙasan akwati, na je na ɗora tukunya, don yara sun kusa dawowa.